Mudun da Na Kai Sakkwato

Tun da aka yi salla ban sha fura cikin natsuwa ba. Da na zauna gindin bishiyar bedi sai wani ya jawo tabarma: "Ɗan Liman, ƙaƙa Sakkwato? Mi malamai sunka ce?" Na faɗa a ƙofar masallaci, na faɗa a kasuwar Ƙarofane, har labarin ya fara dawo mini da ƙafafun da ba ni na sa masa ba. Wani ma cewa ya yi an kulle ni a kan iyaka. To ga shi daga bakina tun daga tushe, wanda ya ƙara masa gishiri daga baya shi ya sani.

Babana shi ne limamin ƙauyenmu tun ban san kaina ba. Ya rasu da kakar bara. Ni ban gaji karatunsa ba, manomi ne ni, sai ɗan ɗinkin da nake taɓawa da rani. Abin da na gada shi ne carbinsa da mudunsa. Mudun na ice ne, ya yi baƙi ƙirin don tsufa, shi ma wurin malaminsa ya same shi. Da shi ake auna zakkar fidda kai ta garin duka, mudu huɗu a kan kowane rai. Ranar jajibirin salla kowane magidanci yakan kawo geronsa ƙofar masallaci, baba ya auna masa da hannunsa.

Bayan rasuwarsa aka tsayar da Malam Isuhu yana ba da salla. Matashi ne, ya yi karatu a kudu, kuma ba zan yi masa ƙarya ba, yana da sani. Ranar wani suna ya nemi a kawo masa mudun ya gani. Ya juya shi, ya leƙa cikinsa, ya ajiye.

"Ni ban ce Liman ya yi da gangan ba," in ji shi. "Amma mudun ga bai kai ba. In ko bai kai ba, zakkag garin ga ba ta cika ba, shekara da shekaru."

Maganar ta shiga gari ta ƙi fita. Tsofaffin mata suka fara tambaya ko azuminsu yana rataye. Mutanen da baba ya raɗa wa suna, ya ɗaura wa aure, ya sallaci iyayensu, na ji da kunnena suna cewa, "Tsohon dai, Allah shi jiƙan shi, karatun da na." Wannan "karatun da" ya fi mini zagi ciwo. Saboda haka da watan Sha'aban ya kama, masu zuwa Sakkwato ziyarar Hubbare da gaida malamai suka fara shiri, na ce da ni za a je. Inna, mahaifiyata, ta naɗe mudun a tsohon rawanin baba, ta sa mini a jaka.

"Kai shi wurin waɗanda sunka sani," ta ce. "In ya kai, ka zo ka hwaɗa min. In bai kai ba, shi ma ka hwaɗa min. Kak ka ɓoye."

Muna ɗaura kaya a amalanke sai ga Agali da ɗan buhunsa da butar shayi. Agali kawun Malam Isuhu ne, ƙanen uwarsa, daga unguwar buzaye. Mutum ne dogo marar magana, rawaninsa kullum ya rufe baki. Aikin jera duwatsu yake a furojen gyaran ƙasa na Keita, kuma tun da nake ban taɓa jin ya je ziyara ko ta maƙwabcin gari ba. Ya bar aikin da ake biya da abinci a tsakiyar bazara don ya bi mu? Na dube shi, na dubi jakata, na rataye ta a wuya.

Daga Buza muka shiga bashe, mota mai buɗaɗɗen baya, zuwa Madawa. Wanda bai bi wannan hanya ba bai san yawan haƙoran da ke bakinsa ba, don kowanne sai ya gaisa da ɗan'uwansa. Direban ya so ya jefa jakata bisa tare da buhunan wake, na ce sai dai ya jefa ni da ita. A wani kori, busasshen rafi, motar ta kafe cikin rairayi, aka ce kowa ya sauka a tura. Agali ya miƙo hannu.

"Kawo in riƙe maka, Ɗan Liman."

"Ba ta da nauyi," na ce. Haka na tura mota da kafaɗa ɗaya, jaka tana dukan ƙirjina, mutane suna ta dariya wai ko zinariya na ɗauko.

A Madawa muka sauka zauren wani malamin fiƙihu da ayarinmu ya saba gaidawa. An kawo mana tuwon dawa da kilishin garin, wanda in ka fara sai kunya ta tsayar da kai. Bayan la'asar aka zauna karatu, ya yi mana bayanin sallar matafiyi, na gane ashe rabin abin da nake yi a hanya wahalar da kai ce kawai. Da aka tashi na matsa na kwance rawanin. Malamin ya dubi mudun bai taɓa shi ba.

"A littahi, mudu cikin tahi biyu na, na mutum matsakaici," ya ce. Sai ya buɗe hannuwansa, 'yan ƙanana, ya kira wani magidanci cikin masu ɗaukar karatu ya ce ya buɗe nasa, ga su nan kamar faifai. "To wane na matsakaici? Ni ko shi? Shi ya sa magabata ba su tsaya ga hannu ba. Mudu daga mudu aka auna shi, wancan daga wani, har a kai Madina. Ni ba ni da irin shi. Ka tahi ƙetaren Sakkwato, bakin hwadama, ka tambayi Malam Mai Tagulla."

Magana ce mai kyau, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Na san Isuhu ya taɓa zama zauren nan kafin ya wuce kudu. Kuma da muka zo sallama na ga Agali ya durƙusa gaban malamin ya daɗe, murya ƙasa ƙasa. Na ce a raina, ga shi nan, sun fara gyara mini hanya.

Daga Madawa hanyar gudro ce sumul har Ƙonni, sai warin albasa da ya raka mu tun daga Galmi. A kan iyaka, ɓangarenmu kartidante, katin shaida, kawai aka duba. Ƙetare kuwa wani ma'aikaci mai faffaɗan gashin baki ya ce kowa ya buɗe kayansa. Ya ga abu naɗe cikin rawani, ya ga yadda na ƙanƙame shi, sai idonsa ya tashi. Ya kwance, ya ƙwanƙwasa gindinsa ko akwai wani abu a ɓoye, ya shinshina.

"Mene ne wannan?"

"Mudu na, ranka shi daɗe."

Ya kwashe da dariya har ya kira abokin aikinsa. "Zo ka ga mudun mutanen Faransa! Da wannan kuke awo? Shi ya sa kuke ramammu."

Ashe a can abin da mu muke kira tiya shi suke kira mudu, babban kwanon kasuwa. Da na ce na zakka ne, na liman ne, sai ya daina dariya, ya naɗe shi da kansa ya miƙo mini da hannu biyu. Amma kalmar ta riga ta zauna mini a ciki. Ko wanda bai san baba ba, kallo ɗaya ya yi ya ce ya yi ƙanƙanta.

Sakkwato gari ne. Magana irin tamu suke yi, in ka rufe ido sai ka ce kana kasuwar Buza, sai dai inda mu za mu ce lakwal su ce makaranta, inda za mu ce gudro su ce kwalta. Burodinsu mai zaƙi ne, laushi kamar auduga, ka matse guda a hannu ya koma loma ɗaya. Na yi kewar namu dogo mai sa muƙamuƙi aiki. Masaukinmu zauren wani attajiri ne mai karɓar baƙin ziyara, ana kawo tuwon shinkafa da miyar kifi. Daɗi kam akwai, amma cikin da ya saba da gero bai yarda an ci abinci ba, kafin a kira salla ta gaba ya fara ƙorafi. Wutar lantarki kuma tana zuwa tana tafiya yadda ta ga dama, ba wanda ya damu sai mu baƙi.

Mun shiga Hubbare da safe. Ba zan iya kwatanta muku ba, wuri ne da murya take sauka da kanta. Na yi wa baba addu'a, na yi kuka, ban ji kunyar kowa ba. Da na ɗago sai na ga Agali a gefe, hannuwansa a sama, shi ma ya daɗe. Na ce ko me yake roƙo oho.

Kwanakin da muka yi muna zagaya zaurukan malamai ne. Akwai wani makaho da ke gyara wa masu karatu wasali da kunne, mutum yana kuskure zai ɗaga yatsa. Akwai mai wa'azi da lasifika wanda rabin maganarsa sukar wasu malamai ce, ban ƙaru da komai ba sai ciwon kai. Duk inda muka zauna jakata tana kan cinyata, in zan kwanta ita ce matashina.

Ran nan da rana tsaka, zafi ya kwantar da kowa a zaure. Na ɗan runtsa. Ina farkawa na ji kaina a kan tabarma, jaka a buɗe, rawani ba komai ciki. Na fita ba takalmi. Can bayan zauren, a inuwar katanga, ga Agali tsugune, mudun a hannunsa, yana bin bakinsa da babban yatsa. Wuƙarsa tana ɗaure a damtse inda take kullum, amma ni ita na fara gani.

"Mi kaka yi da shi?"

"Dubawa nika yi."

"Isuhu ya aiko ka, ko ba shi ba?"

Bai ko sunkuyar da kai ba. "Shi ya aiko ni. Ya ce in bi ka in gani da idona, kak ka musanya shi bisa hanya, kak kuma ka dawo da maganad da malamai ba su yi ba."

Ni ake zato da musanya mudun ubana! Na fizge abina. Daga ranar na daina shan shayinsa, ko da yake duk ayarin ba mai haɗa shi kamarsa.

Garin Malam Mai Tagulla yana bakin fadama, sai da muka yi tafiyar ƙasa cikin gonakin shinkafa da aka girbe. Ayarin ya tsaya birni, ni na tafi, Agali yana bayana kamar bashi, ban kira shi ba ban kore shi ba. Malamin tsoho ne tukuf, zaune kan buzu, ƙafafunsa sun shanye. Muka gaisa, na faɗi abin da ya kawo ni. Ya sa aka ɗauko masa wata jakar fata, ya fito da mudun tagulla, ja, yana ƙyalli. Kafin ya taɓa gero sai da ya jero sunayen waɗanda aka auna mudun daga nasu, wane daga wane, da ka, har ya kai inda ya kai, muka yi salati.

Ya cika mudun baba da gero, ya shafe bakinsa da gefen hannu, ya juye cikin na tagulla.

Bai cika ba. Saura kamar kaurin yatsa.

Ban san lokacin da na miƙe ba. "Allah gahwarta Malam, wanga mutum ya taɓa shi! Na iske shi da shi bayan zaure, ga wuƙa ga damtse nai. Shi yak kankare bakin!"

"Zamna, ɗana," in ji tsohon. Ya ɗaga mudun wajen hasken ƙofa. "Matso ka gani. Icen da anka kankara jiya hwari shika yi. Wanga baƙi na, sumul, har shina ƙyalli. Ba wuƙa ta ci shi ba."

Ya ɗora wani siririn kara a kan bakin. Sai na ga abin da ban taɓa lura da shi ba duk zamana da wannan mudu: gefe ɗaya yana nan da tsawonsa, ɗaya gefen ya zaizaye ya kwanta, daidai inda hannu yake bi in za a shafe gero.

"Ranad da anka sassaƙa shi daidai shike da nau," ya ce. "Hannu ya cinye shi. Hannun malamin ubanka, da hannun ubanka. Wanda yac ce bai kai ba bai yi ƙarya ba. Yanzu tambaya ɗaya ta rage: ubanka shahewa shika yi, ko tozo shika bari?"

Na buɗe baki, ya ɗaga mini hannu.

"Ba kai ba. Shaidaɗ ɗa ga uba ba ta karɓuwa, ko nan ko garinku. Akwai wanda yag gani, wanda ba jininku ba?"

Daga ni sai mutumin da na gama kira ɓarawo. Na ce a raina shi ke nan, an rufe baba karo na biyu.

Agali ya sauke rawani daga bakinsa. Tun da muka taso ban ga leɓensa ba sai ran nan.

"Ni na gani, Malam. Tun ina saurayi nika kai hatcin gidanmu. Da, shahewa shika yi. Daga baya ya bari. Sai shi cika shi har shi yi tozo, shina zuba ga tabarma, bai shahe ba. Mu muna cewa tsuhwa ta, hannun Liman ya hwara rawa, har yara na kwaikwayo nai. Shi ya sa nid ɗauki mudun ga in duba, don tun Madawa abin ya tsaya min ga rai. Mutumin da ka zura zare ga allura da kai nai har ya mutu, ƙaƙa hannu nai ka rawa ga awo kaɗai?"

Tsohon ya zazzage na tagulla. Ya sake cika mudun baba, wannan karon ya bar shi da tozo, ya juye. Na tagulla ya cika fal, har 'yan ƙwayoyi suka gangaro kan buzu.

"Ya sani," in ji shi. "Ya ga icen na ƙarewa, ya biya da hannu nai, bai gaya ma kowa ba. Allah shi jiƙan malamin ga."

Na kifa kaina a gwiwa. Ni ma na ga wannan tozon shekara da shekaru, ni ma rawar tsufa na ɗauke shi.

Kafin mu tashi tsohon ya yi mana karatu a kan awo, ya ce in an samu masassaƙi a sassaƙa sabo a kawo ya gwada, kafin nan a yi ta aiki da wannan da tozonsa. Ni kuma ya ce in na koma in gaya wa mahaifiyata kaɗai, sauran in kama bakina, maganar ba tawa ba ce.

Kada ku ce daga nan zuciyata ta wanke. A hanyar dawowa na sha shayin Agali, gaskiya ne, amma ina sha ina lissafi. Faɗa a gaban baƙon malami daban, faɗa a gaban ɗan 'yar'uwarka da dukan gari daban. Muna sauka Buza kuwa ya ce shi Keita zai wuce, aiki na jiransa. Ko ƙauyen bai shiga ba. Na gaya wa Inna, ta ce alhamdu lillahi. Azumi ya kama, ya yi nisa, ba Agali ba labarinsa. Mutane suna ganin na dawo ban ce uffan ba, suka yanke wa kansu hukunci. Isuhu ya sayo kwanon awo sabo daga Madawa. Na ce lallai an rufe wa buzu baki, ko shi ya rufe da kansa.

Ranar jajibiri da hantsi magidanta suka taru ƙofar masallaci da geronsu, Isuhu yana zaune inda baba yake zama. Ina daga baya, don dole ni ma in fidda tawa. Sai ga Agali, ƙura har gwiwa, da buhu a ka. Ya ratsa mutane ya sauke gaban ɗan 'yar'uwarsa.

"Isuhu, kai ka aike ni in gani. Na gani. Aje kwanon ga. Ɗan Liman, tai ɗauko mudun."

Na tafi da gudu kamar yaro. Kafin in dawo ya fara, a tsaye, baki a buɗe, ya faɗi komai yadda ya faru, har da cewa mudun ya gaza da aka shafe shi. Abu ɗaya ya tsallake, bai faɗi abin da na kira shi ba. Isuhu ya karɓi mudun, ya bi bakinsa da yatsa, ya daɗe a wurin da ya zaizaye. Fuskarsa ta canza. Sannan ya tura hannu cikin buhun kawunsa, ya cika, ya ƙara, ya ƙara, gero yana zuba kan tabarma, bai shafe ba.

Wata tsohuwa daga bayan zana ta ce, "Wayyo, awon Liman."

Da aka gama na koma gida da mudun. Inna tana zaune bakin ɗaki, ba ta fita ba, amma ta ji hayaniyar.

"Da shi anka auna?"

"Da shi, Inna."

"Ya yi tozo?"

"Ya yi."

Ta karɓe shi, ta kakkaɓe ƙwayoyin da suka maƙale a ciki kan tafinta, ta ja mayafi ta rufe fuska.